Kufai a Matsayin Madogarar Tarihi: Tsofaffin Mazaunan Ƙasar Katagum da Na'urar Gano Ƙarfe

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya ratsa ƙasar Katagum da rani, bayan an kawar da amfanin gona, zai riƙa cin karo da wasu wurare waɗanda ƙasarsu ta fi ta kewaye duhu, ga tsingaro barbaje, ga tsofaffin kukoki sun yi cincirindo ba tare da wani gida a kusa ba. Manomi ba ya buƙatar a gaya masa cewa mutane sun taɓa zama a nan. Sunan da yake kiran wurin da shi, wato kufai, ya riga ya faɗi haka. Manufar wannan maƙala ita ce ta dubi yadda irin waɗannan wurare suka samu a ƙasar Katagum, da abin da suke ɗauke da shi na tarihi, sannan ta auna amfani da haɗarin da ke tattare da na'urar gano ƙarfe, wadda a wasu ƙasashe neman kayan da da ita ya zama abin sha'awa da ɗebe kewa. Hujjar da za a kafa ita ce, a yankin da wasu harsunansa na asali suka riga suka mutu, kufai na cikin shaidu na ƙarshe da suka rage, don haka tona shi barkatai asara ce da ta shafi masanin harshe kamar yadda ta shafi masanin tarihi.

2.0 Ma'anar Kufai

Bahaushe ya bambanta kango da kufai. Kango gini ne da aka ƙaurace wa alhali bangonsa na tsaye. Kufai kuwa wuri ne da aka tashi daga gare shi, gida ne ko ƙauye ko birni, har ginin ya narke ya koma ƙasa. Ke nan kango kan rikiɗe ya zama kufai idan damuna ta yi ta bi ta kansa. Kalmar ta shiga sunayen wurare. Misali sananne shi ne Kufan Kanawa a yankin Damagaram ta Jamhuriyar Nijar, wanda hikaya ke dangantawa da tsohon mazaunin Kanawa, kuma Anne Haour ta gudanar da haƙa a cikinsa.

Alamomin da ake gane kufai da su sun haɗa da guntun ganuwa da gwalalo, da rijiyoyin da suka cike, da ramukan marina, da duwatsun niƙa, da kashin maƙera, da tudun juji. Akwai kuma itatuwan da ke bin mazaunin ɗan'adam, musamman kuka da tsamiya. Abin lura a nan shi ne, kaɗan ne daga cikin waɗannan alamomi suke na ƙarfe. Za a koma kan wannan batu a gaba.

3.0 Yadda Kufai Ya Samu a Ƙasar Katagum

3.1 Kafin Jihadi

Kafin ƙarni na 19 akwai ƙananan dauloli uku a wannan yanki da ke tsakanin Kano da Barno, wato Shira da Tashena da Auyo. Hikayar baka ta ce 'yan'uwa uku ne suka kafa su. Mutanensu suna da harsunansu, Shiranci da Tashenanci da Auyokanci, waɗanda manazarta suka sanya cikin dangin Cadi ta Yamma, kusa da Badanci da Ngizimanci. A nazarin da ya buga a 2001, Russell Schuh ya kira su tsofaffin maƙwabtan Hausa na gabas. Dukkansu uku sun mutu, Hausa ta maye gurbinsu, abin da ya saura na kalmominsu a rubuce bai taka kara ya karya ba. A duwatsun Shira har yanzu akwai zane-zanen jikin dutse da tsofaffin mazaunai, kuma a cikinsu ne sauran labarin waɗannan mutane yake kwance.

3.2 Zamanin Jihadi da Bayansa

Malam Ibrahim Zaki, wanda ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ne ya haɗa Shira da Tashena ƙarƙashin sabuwar masarauta, Auyo kuwa ta faɗa ɓangaren Haɗeja. Bayan cin farko da aka yi wa Birnin Gazargamu a 1808, shi ne ya jagoranci cin birnin karo na biyu, daga bisani masarautar Barno ta ƙaurace masa ɗungum. Wannan birni na sarakunan Saifawa, mai gine-ginen jan bulo, shi ma kufai ne a yau cikin Jihar Yobe. Malam Zaki ya kafa garin Katagum a gefen kogin Jama'are kafin rasuwarsa a 1814.

Shekara goma bayan haka, a watan Janairu na 1824, Kyaftin Hugh Clapperton da Dokta Walter Oudney suka iso Katagum daga Kukawa, a zamanin Sarki Ɗankauwa. Clapperton ya bayyana garin da cewa yana da ganuwa biyu ta jar ƙasa, da gwalalo uku, da ƙofofi huɗu, kuma ya ƙiyasta mazaunansa tsakanin 7,000 da 8,000. Oudney ya rasu a Murmur, kusa da Katagum, ranar 12 ga wannan wata. Wani bayani na Clapperton mai muhimmanci ga wannan nazari shi ne cewa a Katagum ya fara ganin ana ciniki da wuri, domin a Barno ta lokacin da ƙyallen saƙi ake saye da sayarwa. Ashe Katagum tana kan iyakar kuɗi iri biyu.

Kasancewarta kan iyaka ya jawo mata yaƙe-yaƙe. Rundunar Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi ta ratsa yankin a 1826 zuwa 1827. Sarkin Haɗeja Buhari ya addabi maƙwabtansa har zuwa rasuwarsa a 1863. Bayan Rabeh ya ci Barno a 1893, an sake shiga zaman ɗarɗar. A kowane irin wannan lokaci ƙananan ƙauyuka kan watse, mutane su shige garuruwa masu ganuwa, wasu su koma in ƙura ta lafa, wasu kuwa shi ke nan.

3.3 Zamanin Turawa

Zuwan Turawa a 1903 ya juya al'amarin. Da yaƙi ya ƙare, ganuwa ta rage amfani, jama'a suka fantsama neman gona da kusantar hanya da kasuwa. Yunwar 1913 zuwa 1914 ta tashi wasu ƙauyuka. Ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke yaɗawa a bakin koguna, ya yi tsanani har gwamnati ta kafa tashar bincike a Sherifuri a shekarun 1920, daga baya aka mayar da aikin Gadau. A 1916 aka ɗauke hedikwatar masarautar daga Katagum zuwa Azare, a zamanin Sarki Abdulƙadir, sannan a 1926 aka cire yankin daga Lardin Kano aka haɗa shi da Lardin Bauci. Garin Katagum bai zama kufai ba, yau ma shi ne hedikwatar Ƙaramar Hukumar Zaki, amma ƙaurar fada kan tafi da fadawa da masu sana'a, ta bar unguwanni da wofi.

Daga wannan taƙaitaccen bayani za a ga cewa kufai a ƙasar Katagum hawa-hawa ne: akwai na zamanin Shirawa da Tashenawa, akwai na yaƙe-yaƙen ƙarni na 19, akwai kuma na ƙarni na 20. Sau da yawa sukan hau kan juna a wuri guda. Rubuce-rubucen J. M. Fremantle na 1911 da littafin Victor Low na 1972 sun dogara ƙwarai a kan labarin baka na gidajen sarauta. Talaka da maƙeri da marini ba su cika fitowa a irin wannan labari ba, sai dai a jujin da suka bari.

4.0 Na'urar Gano Ƙarfe

Na'urar tana aiki ne da wani faifai mai naɗin waya wanda ke aika ƙarfin maganaɗisu cikin ƙasa. Idan ya ci karo da ƙarfe sai na'urar ta yi ƙara. A 1881 Alexander Graham Bell ya gwada wani samfurinta wajen neman harsashin da ke jikin Shugaban Amurka James Garfield, bai dace ba. A Yaƙin Duniya na Biyu aka inganta ta don gano nakiyoyin da aka binne, bayan yaƙin kuma ta shiga hannun farar hula. A Ingila neman tsofaffin kaya da ita a gonaki da tsofaffin mazaunai ya zama abin sha'awa na ranakun hutu, har da ƙungiyoyi. A 2009 wani mai irin wannan sha'awa ya gano taskar Staffordshire, mai ɗauke da guntayen zinariya da azurfa fiye da 3,500, wadda aka yi wa kuɗi sama da fam miliyan 3.

A yankinmu ta wata ƙofa na'urar ta yi suna. Tun daga 2014, lokacin da aka gano zinariya a Jado ta arewacin Nijar, dubban matasa suka san ta a matsayin kayan neman arziki. Idan aka haɗa wannan da tsohon imanin da ke akwai cewa mutanen da sukan binne dukiya a tukunya kafin su gudu, kuma aljanu na gadinta, ba wuya a hango ranar da za a juya faifan na'urar zuwa kufai.

4.1 Abin da Take Ji da Abin da Ba Ta Ji

A kufai irin na Katagum na'urar za ta iya jin tsinin kibiya da mashi, da linzami da likkafa, da ruwan fartanya, da mundaye da zobba na tagulla ko azurfa, da anini da kwabo masu huji waɗanda Turawa suka fara bugawa a 1907. Ba za ta ji wuri ba, alhali shi ne kuɗin da Clapperton ya gani a kasuwar Katagum. Ba za ta ji tsingaro ba, ko tsakiya, ko ƙashi, ko gawayi, alhali da gawayi da ƙashi ake auna shekarun wuri, da adon jikin tsingaro kuma ake gane alaƙar wata al'umma da wata. Mai bin ƙarar na'ura yakan farke duk waɗannan ya watsar don ya kai ga guntun ƙarfe ɗaya.

Ko ƙarfen ma, idan aka raba shi da mazauninsa yakan yi ƙarya. Alal misali, liyarin azurfa mai hoton Mariya Tireza, wanda ya yi yawo a kasuwannin Barno da ƙasar Hausa, duk wanda aka buga bayan rasuwarta yana ɗauke da shekarar 1780, ko da kuwa bayan shekara ɗari aka ƙera shi. Wanda ya tsince shi ya ce kufan ya kai 1780 ya yi kuskure. Abin da ke tabbatar da gaskiya shi ne zurfin da aka same shi da kayan da ke kwance tare da shi. Haƙar Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Katsina, wadda H. R. Palmer ya fara a 1907 aka kuma sake a 1992, ta fito da kayan ƙarfe da wuri da duwatsun ado masu nuna cinikin nesa. Darajarsu ga tarihi ta samu ne domin an san kabarin da kowanne ya fito.

5.0 Doka da Al'ada

Dokar Soja ta 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ta hana haƙa don neman kayan tarihi sai da izinin hukumar, ta wajabta sanar da abin da aka tsinta, ta kuma hana sayar da shi ga wanda ba shi da lasisi. Ma'anar kayan tarihi a dokar ta haɗa da aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918, wato ta rufe mafi yawan abin da ke kufan Katagum. Sai dai doka a takarda ba ta hana wawashe gumakan Nok da na Kwatarkwashi ba a shekarun 1990, haka ma maƙabartun Bura a Nijar.

Fiƙihun Malikiyya, wanda jama'ar yankin suka tashi a kai, shi ma bai bar batun sakaka ba. Ya bambanta rikazi, wato binnen mutanen jahiliyya wanda ake fitar wa humusi, da tsintuwa, wadda ake cigiyarta shekara guda. Bugu da ƙari, kusan kowane kufai yana da maƙabarta, kuma tona kabari abin ƙi ne a addini da al'ada.

Ingila ta bi wata hanya. Dokar Taska ta 1996 da shirin rajistar tsintuwa na 1997 sun sa mai na'ura ya kai abin da ya samu a rubuta shi tare da ainihin wurin da ya fito. Abin koyi a nan shi ne rajistar. Amma ba za a kwafo tsarin kai tsaye ba, domin yawancin abin da ake samu a can yana cikin ƙasar da garma ta riga ta juya, kuma akwai jami'an da ke karɓa a kowane yanki.

6.0 Kammalawa

An nuna cewa kufai a ƙasar Katagum sakamako ne na rushewar Shira da Tashena, da yaƙe-yaƙen kan iyaka, da sauye-sauyen zamanin Turawa, kuma na'urar gano ƙarfe kaso kaɗan take ji daga abin da ke cikinsa. A hannun ƙwararre mai izini tana da amfani, musamman wajen gano maƙera da fagen fama. A hannun mai neman arziki kuwa ɓarnarta ta fi ribarta.

Akwai aikin da masana harshe za su iya yi tun yanzu ba tare da sun taɓa ƙasa ba. Shi ne a bi gundumomin Shira da Gadau da Zaki da kewayen Azare, tare da dagatai da masu unguwanni, a rubuta sunan kowane kufai da karin sautinsa yadda tsofaffi ke furta shi, da labarin waɗanda suka tashi daga can da inda suka koma. Sunayen wurare sukan daɗe bayan harshen da ya raɗa su ya mutu, don haka mai yiwuwa ne a tsinci ragowar Shiranci da Tashenanci a cikinsu. Irin wannan jeri zai kuma bai wa masarauta da hukuma abin dogaro wajen sanin wuraren da za a tsare. Tsofaffin da suka san waɗannan sunaye raguwa suke yi kowace shekara, saboda haka da su ya kamata a fara.