Mariƙin zaren faiba

mariƙin zaren faiba (suna, namiji, jam'i: mariƙan zaren faiba). Ɗan faranti ne na gilashi ko silikon mai tsage-tsage masu siffar V, inda ake kwantar da zaren faiba a jere. In an feɗe wa zaren riga, kaurinsa maikiromita 125 ne, kusan na gashin kai, kuma lanƙwasa mai tsanani takan karya shi ko ta zubar da hasken da yake ɗauke da shi. Akan danne shi da murfin gilashi, a liƙe da gam, a goge bakin ya yi sumul. Tazarar tsagi yawanci maikiromita 127 ce ko 250. A bayan mariƙin akan sa roba mai laushi, domin a nan zare ya fi karyewa idan aka ja waya.