Ganuwa da Talaka: Tarihin Neman Sawaba a Birnin Kano

Gabatarwa

Maƙasudin wannan lacca shi ne bayyana yadda talakawan Kano suka haɗa kai don neman adalci ta fuskar haraji da shari'a da zaman ƙabilu, da abin da suka cim ma, da kuma inda ƙoƙarinsu ya gaza. Wannan tarihi ya shafi kowane ɗalibi da kowane ma'aikacin gwamnati, domin kuwa a hannunsu ake barin amanar talaka.

Gari ɗaya, unguwanni daban-daban

Turawan Ingila sun ci Kano a 1903, jirgin ƙasa kuma ya iso a 1911. Tun daga 1912 cinikin gyaɗa ya buɗe, baƙi suka yi ta kwararowa. Maimakon a bar su su saje da mutanen gari kamar yadda Kano ta saba yi wa Larabawa da Barebari da Nufawa tun zamanin da, sai Turawa suka ware wa kowa wurinsa. Cikin ganuwa na Kanawa ne. Fagge da Tudun Wada na baƙi 'yan Arewa ne. Sabon Gari, wanda aka kafa wajen 1913, na 'yan Kudu da mutanen sauran ƙasashen Afirka ta Yamma ne. Turawa suka zauna Nasarawa da Bompai, nesa da kowa.

Wannan rabo bai tsaya ga wurin kwana ba. Ya shafi kotun da za ta yi wa mutum shari'a, da makarantar da ɗansa zai shiga, da irin aikin da zai samu. 'Yan Kudu, saboda sun riga shiga boko, su suka fi yawa a aikin akawu na kamfanoni da na reluwe, ƙungiyoyin ƙabilunsu kuma suka gina wa 'ya'yansu makarantu. Shi kuwa manomin gyaɗa, wanda guminsa ya tayar da dalar gyaɗa, yana sayarwa ne a farashin da hukumar ciniki ta yanka, wanda sau da yawa bai kai na kasuwar duniya ba. Daga ɗan abin da ya samu zai biya haraji, makiyayi ya biya jangali, ga aikin tilas, ga dogarai da 'yan doka da gidan yari duk a hannun En'e. Ta haka talakan birni ya riƙa ganin akawun Sabon Gari ne ya tare masa hanya, shi kuma akawu yana ganin talakan birni baƙauye ne, alhali kuwa mai ɗora musu kaya ɗaya ne.

Jam'iyyar Neman Sawaba

Ran 8 ga Agusta, 1950, waɗansu samari takwas suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano. Daga cikinsu akwai Abba Maikwaru da Magaji Dambatta da Mudi Sipikin da Maitama Sule, da kuma Bello Ijumu, Bayarabe daga lardin Kabba. Malam Aminu Kano ya ajiye aikin koyarwa a Maru ya shigo, aka zaɓe shi shugaba a 1953. Sanarwar da jam'iyyar ta fitar, wadda aka sani da Sanarwar Sawaba, ta nuna cewa ainihin saɓanin da ke Arewa yana tsakanin masu riƙe da En'e ne da talakawa. Wato ta kawar da tambayar ɗan wane ne, ta kawo tambayar wa ke ɗauke da kaya. Teloli da mahauta da 'yan koli da malaman zaure da almajirai suka amsa kira. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, wadda mahaifinta mutumin Gana ne, mahaifiyarta kuma Banufiya, ta jagoranci mata, aka ɗaure ta sau da dama saboda haka.

A zaɓen 1951 NEPU ta yi nasara a matakin farko cikin Kano. Amma zaɓen hawa-hawa ne, kuma doka ta ba En'e ikon cusa nata mutane a matakin ƙarshe, saboda haka ko ɗan NEPU ɗaya bai kai Majalisar Kaduna ba. Bayan wannan sai ɗauri da bulala da tara suka biyo baya, ga kuma farmakin 'yan banga da aka kira 'Yan Mahaukata. Duk da haka jam'iyyar ta ƙulla ƙawance da NCNC ta Dokta Azikiwe a 1954, abin da abokan hamayya suka kira sayar da Arewa ga 'yan Kudu. A 1959 Malam Aminu ya ci kujerar Kano ta Gabas a Majalisar Tarayya.

Riba da asara

Sojoji sun soke jam'iyyu a 1966, amma buƙatun NEPU ba su mutu ba. Bayan ƙirƙiro jihohi a 1967, an karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 kuma ya rufe babinta. Matan Arewa sun jefa ƙuri'a a babban zaɓen 1979. A wannan zaɓe jam'iyyar PRP, magajiyar NEPU, ta ci Kano da Kaduna, Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali, ya kuma kafa hukumar yaƙi da jahilci a 1980. Malam Aminu ya rasu ran 17 ga Afrilu, 1983, bayan ya ga wannan da idonsa.

Ta fuskar zaman ƙabilu kuwa nasarar ba ta kai haka ba. A watan Mayu, 1953, lokacin da NEPU ke tashe, rikici ya ɓarke tsakanin birni da Sabon Gari kan batun neman mulkin kai, aka kashe fiye da mutum 30, mafi yawansu talakawa daga ɓangarorin biyu. A 1966 abin ya fi haka muni. Soke haraji aikin sa hannu ne a takarda ɗaya, amma zargin juna da aka shuka cikin shekara 50 ba ya tonuwa da doka.

Kammalawa

Darasin bai tsaya ga Kano ba. A gari irin Zuru ta Jihar Kebbi, inda Dakarkari da Fakkawa da Dukkawa da Kambari da Hausawa ke cin kasuwa ɗaya, Musulmi da Kirista kuma ke gida ɗaya, ana iya tayar da ganuwa ba tare da tubali ba: wajen rabon rumfar kasuwa, ko ɗaukar ma'aikata, ko ba da takardar shaidar ɗan asalin gari. Akawun da ya tambayi mai neman haƙƙinsa ƙabilarsa kafin ya dubi takardarsa ya maido da tsarin 1913. Wanda ya dubi takardar kawai, shi ne ya gaji mutanen 1950.