Daga Tashe Zuwa Turmin Danya: Inda 'Yan Wasan Kano Suka Koyi Sana'a

Tambayar da matasa suka fi yi mini a shirina na rediyo ita ce ta wace ƙofa ake shiga harkar fim. Tana zuwa har daga Gadarif ta ƙasar Sudan, inda jikokin Hausawan da suka yada zango a hanyar Makka suke kallon finafinan Kano. Amsata ba ta cika yi musu daɗi ba, domin nakan ce waɗanda suka kafa sana'ar a unguwa suka koye ta.

Makarantar farko ita ce tashe. Daga goma ga watan azumi yara kan bi gida gida da gemun auduga da tsummokara, wannan ya zama tsoho, wancan ya zama mai maganin gargajiya. A nan yaro yake gane abin da littafi ba ya koyarwa: yadda ake taka rawa daidai da kiɗan gwangwani, inda ake dakatawa har dariya ta lafa, da kuma iyakar da in ka tsallake ta maigida zai kore ka ba ko ƙwandala. Masu kallon iyayenka ne da maƙwabta, gobe kuma da su za ka haɗu a masallaci.

Rediyo da talabijin suka ɗauki wannan baiwa suka mai da ita aikin yi. Kaduna ta fito da Kasimu Yero da Usman Baba Pategi, tsohon sojan da duniya ta sani da Samanja. A Kano kuwa ƙungiyoyin wasan kwaikwayo irin su Tumbin Giwa da Gyaranya ne suka riƙe fagen, ma'aikata da 'yan kasuwa suna haɗuwa da yamma don gwaji. Tumbin Giwa ce ta fitar da Turmin Danya a 1990, wanda ake lissafawa a matsayin mafarin finafinan Hausa na bidiyo.

Rawa ce ta kawo kuɗi, ita ce kuma ta kawo rigima. Bayan da Sangaya ya yi kasuwa, da wuya furodusa ya yarda ya saki fim babu waƙa da rawa, yawanci kan salon Indiya. Abin da ya daɗe yana ba ni mamaki shi ne 'yan Koroso, da kacau-kacau a ƙafa, sun shekara suna wakiltar Kano a bukukuwan al'adu ba tare da an ɗaga murya ba. Da aka ga saurayi da budurwa suna rausaya a kaset, sai gari ya ɗauka. Gwamnati ta kafa hukumar tace finafinai a 2001. A 2007 aka ɗaure Adam A. Zango kan faifansa Bahaushiya, a 2008 kuma aka ɗaure Rabilu Musa Ibro.

A ganina bambancin yana wurin wanda ake yi wa rawar. Ɗan Koroso yana ganin fuskar dattijon da ke gabansa, yana gyara taku tun kafin a yi magana. Mai rawar kaset sai ya gama, an buga, an sayar, sannan hukuncin jama'a yake iso shi, wani lokaci ta hannun alƙali. Matashin da yake farawa yau da waya a ɗakinsa ya fi su duka yawan masu kallo, kuma mafi yawansu bai san ko sunan garinsu ba.