Haɗa tiyon gaz da na'urar ɗumama ruwa: abin da ya kamata mu sani

Da zarar hunturu ya kama a watannin Disamba da Janairu, ruwan wanka a Yamai sai an ɗumama. Shi ya sa gidaje da dama ke sa na'urar ɗumama ruwa mai aiki da gaz, wadda masu aikin famfo ke kira da sunanta na Faransanci, chauffe-eau. Tun da aka buɗe matatar SORAZ ta Damagaram a watan Nuwamba 2011, gaz ɗin da ake tacewa a ƙasarmu ya shiga gidaje sosai, cikin tukwane masu kilo 6 da masu kilo 12,5. To amma tsakanin tukunya da na'ura akwai tiyo, kuma a mahaɗarsa ne gaz ya fi yoyo.

Wane tiyo ya dace?

Tiyon roba yana da wa'adi, ana buga shekarar ƙarewarsa a jikinsa. Zafi da rana suna busar da shi ya tsattsage, ɓera ma yana cinsa. Tiyon ƙarfen inox mai lanƙwasuwa ya fi shi ƙarko nesa ba kusa ba. Sai dai a kula: akwai wani mai saƙar ƙarfe a waje, roba a ciki, wanda na ruwa ne. A ido kamarsu ɗaya. In kun je Katako ko wani shagon kayan gini, ku duba rubutun da ke jikinsa, ku tabbata na gaz ne. Sau da yawa na gaz yana da riga ruwan ɗorawa. Kada tsawonsa ya wuce mita 2, kuma ba a haɗa tiyo biyu don a ƙara tsawo.

Yadda ake haɗawa

Aikin ƙwararre ne, amma mai gida ya tsaya a kai. Da farko a rufe tukunya. A sa mata kan rage ƙarfin gaz, wato détendeur, na butan mai milibar 28. Kowane bakin tiyo yana da ƴar roba a ciki, ita ke hana yoyo. A sa sabuwa duk lokacin da aka kwance. A fara ɗaurewa da hannu, sannan a ƙara da sifana kaɗan. Kada tiyon ya murɗe, ko ya miƙe tsam, ko ya ratsa bango, ko ya taɓa wuri mai zafi.

Bayan nan a buɗe gaz, a shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa. In kumfa ta riƙa tasowa, akwai yoyo. Don Allah ban da gwaji da ashana!

Ga ƴan'uwa mazauna waje

Masu aiko da kaya daga Faransa ko Beljiyam, ku duba kafin ku saya. Yawancin na'urorin can an saita su ne da gaz ɗin gari mai zuwa ta bututu, a Yamai kuwa da tukunya muke aiki. Ku nemi wadda aka rubuta butan a jikinta, ko a canza mata ƙananan bakunan wuta kafin a kunna.

Iska ita ce rai

Na'urar nan tana cin iska. In an kafa ta cikin makewayi rufaffe, takan fitar da wata guba marar wari marar launi, mai sa ciwon kai da jiri, har mutum ya suma yana wanka. A kafa ta waje ko inda iska ke ratsawa, hayaƙinta ya fita ta bututu. Harshen wuta shuɗi shi ne lafiya. In ya koma ruwan ɗorawa yana baƙin hayaƙi, a kashe a kira mai gyara.

In kun ji warin gaz, ku rufe tukunya, ku buɗe ƙofa da taga, kada ku taɓa makunnin lantarki. Butan ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwantawa, saboda haka a fara fitar da yara. Daga waje ku kira ƴan kwana-kwana a lamba 18.

Allah ya tsare mu da iyalanmu, amin.