Ƙato: Ma'ana, Amfani da Asalin Kalmar

Ƙato siffa ce da ke bayyana girman jiki wanda ya zarce misali, na mutum ko dabba ko wani abu. Ana ce wa mace ƙatuwa, jam'i kuwa ƙatti ko ƙatta. In girman ya kai intaha, sai a ce ƙatoto. Kalmar Hausa ce gangariya, ba aro ba ce daga Larabci ko Turanci.

Ƙato ya bambanta da babba. Babba na iya nufin shekaru ko muƙami, ƙato kuwa jiki da ƙarfi kawai yake nunawa. Shi ya sa a kasuwannin ƙasar Kontagora, irin su Kaboji, “ƙaton sa” yabo ne da ke ɗaga farashi, amma kiran magidanci ƙato raini ne. Haka “wasu ƙatti” kan nuna mazan da ba a yarda da take-takensu ba.

Kalmar ta haifi wasu sunaye. 'Yan ƙato-da-gora su ne masu sintirin tsaron unguwa da dare, riƙe da gora. Ƙato-bayan-ƙato kuwa zaɓe ne da masu zaɓe ke yin layi a bainar jama'a domin a ƙirga su. Ya shahara a farkon shekarun 1990, zamanin Janar Ibrahim Babangida, lokacin da Farfesa Humphrey Nwosu ke shugabantar hukumar zaɓe. Har yanzu da wannan suna ake kiran zaɓen fidda gwani na kai tsaye.