Panini da Kwamfuta: Tarihin Wata Jita-jita

Shekara da shekaru ke nan wani saƙo yana yawo a wayoyi, yana cewa hukumar NASA ta Amurka ta tabbatar Sanskrit, tsohon harshen addini da ilimi na Indiya, ya fi kowane harshe dacewa da tsara manhajar kwamfuta. Wasu kan cire Sanskrit su sa Larabci. Ruwa ba ya tsami banza, don haka bari mu bi sawun maganar har inda ta samo asali.

Wajen ƙarni na 5 ko na 4 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), a yankin Gandhara da ke cikin Pakistan ta yau, an yi wani malamin nahawu mai suna Panini. Littafinsa Ashtadhyayi babi takwas ne, da gajerun dokoki kusan 4,000. Ana ɗauko tushen kalma a bi da shi ta cikin dokokin ɗaya bayan ɗaya har kalma ta fito cikakkiya. An jera sautukan harshen cikin layuka 14, kowanne da harafin alama a ƙarshensa, ta yadda gaɓa guda ke tsayawa a madadin rukuni: "ac" na nufin dukan wasula, "hal" kuma dukan baƙaƙe. Har da dokar da ke raba gardama idan dokoki biyu suka ci karo.

Wanda ya zauna a zauren malam a zangon Paraku ko na Jugu ba zai ga wannan a matsayin baƙon abu ba. Tun zamanin da ayarin fatake ke ratsa Jugu zuwa Gwanja neman goro, malamai ke biye da su da littattafai a gafaka. Ajurrumiyya ta Ibn Ajurrum na Fas da Alfiyya ta Ibn Malik mai baiti dubu duk dabara ɗaya ce: a matse harshe cikin ƙa'idoji kaɗan da ɗalibi zai haddace. Kafin su, Khalil bin Ahmad na Basra ya gina ƙamusunsa Kitabul Aini ta hanyar jujjuya haruffan tushen kalma ya ga wane jeri ne Larabawa ke amfani da shi.

A 1959 John Backus na kamfanin IBM ya fito da wata hanya ta rubuta nahawun harsunan kwamfuta, Peter Naur ya gyara ta don harshen ALGOL 60. A 1967 Peter Ingerman ya rubuta wa mujallar masana kwamfuta wasiƙa cewa kamata ya yi a sa sunan Panini a kan wannan hanya, domin ya riga su da fiye da shekara 2,000. Sai a 1985 Rick Briggs, mai bincike a cibiyar NASA ta Ames, ya wallafa maƙala a AI Magazine. Abin da ya nuna shi ne yadda malaman nahawun Indiya ke feɗe jimla, su ware mai aiki da abin da aikin ya faɗa wa da abin da aka yi aikin da shi, ya yi kama da yadda masu binciken ƙirƙirarriyar basira ke tsara ma'ana. Ra'ayin mutum ɗaya ne a maƙala ɗaya, kuma a kan salon malamai yake magana. Daga baki zuwa baki aka mai da shi hukuncin NASA.

Sanskrit ɗin mawaƙa kuwa cike yake da harshen damo. Akwai waƙoƙin da aka tsara da gangan don baiti ɗaya ya ba da labarai biyu a lokaci guda. Kwamfuta ba ta jure wannan. Harshen manhaja ƙagagge ne, kowane umarni da ma'ana ɗaya tak, kuma kalmominsa kaɗan ne: harshen C na 1989 kalmomi 32 kawai ya keɓe. Duk sakatariyar da ke aiki da Excel na Faransanci a Paraku tana rubuta SI da SOMME inda takwararta ta Kano ke rubuta IF da SUM, lissafin kuwa bai canza ba. Da za a sa IDAN da JIMLA, na'urar ba za ta yi gardama ba.

To, mene ne rabonmu a wannan tarihi? Hausa ma ta samu masu feɗe ta. Bargery ya fitar da ƙamusu a 1934, Parsons ya kasa aikatau aji bakwai a 1960, Galadanci ya wallafa nahawu a 1976, Paul Newman ya kawo nasa babba a 2000. Google Translate ya shigar da Hausa a Disamba 2013. Amma rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali. "Gari" na iya zama wurin zama ko abin da ake kwaɓawa da ƙuli-ƙuli, "kai" na iya zama na bisa wuya ko wanda ake wa magana. Na'urar fassara tana rarrabe su ne daga yawan jimlolin da ta gani.

Nan gizo ke saƙar. Yaranmu a Benin da Faransanci suke karatu tun daga firamare har Jami'ar Paraku da aka buɗe a 2001. Hausar zango, da kalmomin da ta aro daga Dendi da Faransanci, a baki take rayuwa, a kasuwa da tasha da rediyo, kuma kaɗan ne daga cikinta ke sauka a takarda. Abin da ba a rubuta ba, na'ura ba za ta san da shi ba. Panini ya samu suna ne saboda ya zauna ya tsara harshensa doka bayan doka, almajirai kuma suka yi ta haddacewa da kwafewa ƙarni bayan ƙarni. Mu da ke riƙe da makirufo muna da rubutun labarai, hirarrakin dattawa da tarihin unguwanni. Mu buga su da ƙ da ɗ da ɓ ɗinsu daidai, mu ajiye inda za a same su.