Daga Akwatin Gidan Waya Zuwa Bakin Kanta: Tarihin Cinikin Bindiga a Manyan Kantunan Amurka

A birnin Memfis na jihar Tenesi, dab da kogin Misisipi, akwai wani gini mai siffar dalar Fir'aunan Masar, wanda tsayinsa ya kai na bene mai hawa talatin da biyu. Domin wasanni aka gina shi a 1991, ya zo ya yi shekaru a rufe, sannan a 2015 kamfanin Bass Pro Shops ya mai da shi kanti. Wanda ya shiga zai tarar da fadamar da aka ƙera da hannu, da kadoji masu rai, da otal, da jiragen ruwa na sayarwa. In ya isa sashen farauta kuwa, sai ga bindigogi reras a bango, ga ma'aikaci tsaye bayan kanta. Iyali kan je can shan iska a ƙarshen mako, yara na kallon kifi, uba na gwada nauyin bindiga a kafaɗa. Ga wanda ya tashi a ƙasar da sai da lasisin hukuma ake mallakar bindiga, kamar yadda dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta tanada, abin akwai ɗaure kai. Dokar tarayyar Amurka a kan mai sayarwa ta ɗora lasisi, ta bar mai saye, in ban da wasu jihohi da suka ƙara nasu sharuɗɗa. Saboda haka nauyin rarrabe wanda ya cancanta da wanda bai cancanta ba ya taru a kan wannan kanta, wadda faɗinta bai wuce kamu biyu ba. Ba tun fil azal nauyin yake a nan ba, kuma yadda aka yi ya sauka a nan abu ne mai tarihi.

A ƙarshen ƙarni na goma sha tara mafi yawan Amurkawa mazauna karkara ne, kuma babban kantinsu littafi ne. Kamfanin Montgomery Ward, wanda aka kafa a Shikago a 1872, da abokin gogayyarsa Sears da ya biyo baya, sukan buga ƙaton littafin talla mai ɗauke da hoto da farashin kome, daga garma har zuwa keken ɗinki. Bindiga na ciki, tana da shafukanta kamar sauran kayan gona. Da gwamnati ta fara kai wasiƙu har ƙofar manoma a 1896, ta kuma buɗe aika ƙunshin kaya ta gidan waya a 1913, sai ciniki ya koma na takarda zalla. Manomi ya rubuta lambar kaya, ya haɗa da kuɗi, bayan 'yan kwanaki bindigarsa ta iso. Mai sayarwa bai ga fuskarsa ba, bai san shekarunsa ba, bai ma san ko sunan da ke kan ambulan na gaskiya ne ba. An ɗan yi motsi a shekarun 1920, lokacin da laifuffukan birane suka tayar da hankali: Sears ya daina sayar da ƙananan bindigogi a 1924, majalisa kuma ta hana aika su ta gidan waya a 1927. Dogayen bindigogi ba wanda ya taɓa su.

Masu hannu da shuni suna da nasu wurin. Abercrombie & Fitch, wanda yau aka fi sani da tufafin samari, a 1892 ya fara a Niyok a matsayin shagon kayan daji, kuma shi ya yi wa tsohon shugaba Theodore Roosevelt guzurin farautarsa ta Gabashin Afirka a 1909. Benensa mai hawa goma sha biyu da aka buɗe a 1917 yana da filin gwada harbi a ƙarƙashin ƙasa da kududdufin gwada fatsa a kan rufi. Duk abin da manyan kantunan yau ke tinƙaho da shi, a can aka fara shi, sai dai na 'yan gata ne.

Bayan yaƙin duniya na biyu rarar makaman sojojin Turai ta kwararo Amurka da arha kamar banza. A 1958 wani sanata daga Masachuset, jihar da ke da manyan masana'antun bindiga da wannan arha ke cutarwa, ya gabatar da ƙudurin hana shigo da irin waɗannan makamai. Ƙudurin bai wuce ba. Sunan sanatan John F. Kennedy. A watan Maris na 1963 wani kantin kayan wasanni na Shikago, Klein's Sporting Goods, ya karɓi takardar oda da aka yago daga mujallar American Rifleman, da sunan wani A. Hidell, mai akwatin gidan waya a Dalas. Abin da ake so tsohuwar bindigar sojan Italiya ce ƙirar Carcano, haɗe da madubin saiti, a kan dala 19.95, da kuɗin aikawa ya kama dala 21.45. Babu wani Hidell a duniya, Lee Harvey Oswald ne. Ranar 22 ga Nuwamba na wannan shekara, da wannan bindiga aka harbe Shugaba Kennedy. Kantin bai karya wata doka ba, domin babu dokar da za a karya.

Mai karatu zai zaci washegari aka toshe wannan kafa. Shekara biyar aka yi ana jan ƙafa. Sanata Thomas Dodd ya riga ya gabatar da ƙuduri kan cinikin ƙananan bindigogi ta wasiƙa tun watan Agusta na 1963, ya faɗaɗa shi bayan kisan, amma ya maƙale a kwamiti. Sai da aka kashe Martin Luther King a Memfis a watan Afrilu na 1968, aka bi da Sanata Robert Kennedy a watan Yuni, sannan majalisa ta yunƙura, Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a kan dokar kula da bindigogi ranar 22 ga Oktoba. Ihu bayan hari ne, amma dokar ta sauya ciniki daga tushe. Ta hana aika wa mutum bindiga kai tsaye daga wata jiha. Dole ta bi ta hannun dillali mai lasisi. Ta yanka shekara 18 ga mai sayen doguwar bindiga, 21 ga mai sayen ƙarama. Ta haramta sayarwa ga wanda aka taɓa samu da babban laifi, da wanda ke gudun shari'a, da mai ta'ammali da miyagun ƙwayoyi, da wanda kotu ta tabbatar yana da taɓin hankali. Daga nan ne aka sami fom mai lamba 4473, wanda har yau duk mai saye ke cikawa a bakin kanta.

Sai dai ido da ido bai isa ba, kuma majalisa na da hujjar sanin haka a gabanta. Wanda ya harbi King ba ta wasiƙa ya sami bindigarsa ba. Da ƙafarsa ya shiga wani kanti a Bamingham ta jihar Alabama, ya ba da sunan ƙarya, ya biya, ya fita. Fom ɗin da aka ƙirƙiro yana tambayar mutum ko shi mai laifi ne, ya amsa da e ko a'a, ya sa hannu. Yin ƙarya a kansa laifi ne babba, amma kwata na ƙarni aka yi babu wata dokar tarayya da ta ce a bincika amsar kafin a miƙa kaya.

A wannan tsakani ne manyan kantunan yau suka tsiro, kuma abin lura, ba da bindiga suka fara ba. A 1961 Dick Cabela, mai sayar da kujeru a ƙauyen Chappell na Nebraska, ya sayo ƙugiyoyin kamun kifi masu kama da ƙwari a wata baje-koli a Shikago, shi da matarsa Mary suka riƙa aika wa masu oda daga teburin kicin. A 1972 Johnny Morris ya fara kasa kayan su a wani lungu na kantin barasar mahaifinsa a Springfield ta Misuri, wanda shi ne asalin Bass Pro Shops. Dukansu da littafin talla suka yi arziki, irin na Sears, illa dai akwai kaya guda da littafi ba ya iya kai wa mutum gida tun 1968. A ganina wannan na cikin abin da ya ba katafaren kanti daraja: bindiga ce ke tilasta wa mutum ya zo da kansa, in ya zo kuwa ba zai tafi ba sai da harsasai, da madubin saiti, da jakar bindiga, da takalmin daji, da rigar sanyi. A 1991 Cabela's ya buɗe makeken ɗakin baje kaya a Sidney, garin da mutanensa ba su kai dubu bakwai ba, a bakin babbar hanyar da ta ratsa ƙasar daga gabas zuwa yamma. Aka yi dutsen ƙirar hannu a tsakiya, aka jera masa namun daji da aka cusa fatunsu suka tsaya kamar masu rai, aka keɓe ɗaki na musamman ga tsofaffin bindigogi masu tsada. Matafiya suka riƙa ratsewa, garuruwa suka shiga rige-rigen yafe haraji don a gina musu irinsa. Har yanzu wanda ya zaɓi bindiga ta intanet, kanti ake kai masa ita, ya je ya cika fom. A 2017 Bass Pro ya haɗiye Cabela's a kan kimanin dala biliyan huɗu, mazaunin kamfanin ya bar Sidney, ayyuka masu yawa suka bi shi.

Binciken amsar mai saye kuwa, shi ma jini ne ya kawo shi. A 1981 aka harbi Shugaba Ronald Reagan da ƙaramar bindigar da aka saya a wani shagon jingina a Dalas. Kakakinsa James Brady ya sami rauni a ka, ya ƙare rayuwarsa a keken guragu. Dokar da ke ɗauke da sunansa ta samu sa hannun Shugaba Bill Clinton a 1993, sannan a ƙarshen Nuwamba na 1998 hukumar FBI ta buɗe tsarin bincike na nan take. Ma'aikacin kanti ya aika sunan mai saye, amsa ta dawo ɗaya cikin uku: a sayar, a dakata, ko a hana. Galibi mintoci ne. In aka ce a dakata, aka yi kwana uku na aiki ba a yanke ba, doka ta ba kanti damar miƙa kaya in ya ga dama. Fom ɗin kuma a kanti yake zama, domin wata doka ta 1986 ta hana gwamnatin tarayya tara rajistar masu bindiga. Cinikin da mutum ya yi da maƙwabcinsa, a jihohi da dama, bai ma biyo ta nan ba.

Iyakar ƙarfin kanta ta fito fili a Teksas. A watan Afrilu na 2016 wani tsohon sojan sama ya shiga reshen Academy Sports + Outdoors a San Antonio, ya sayi bindiga samfurin AR-15. An bincika sunansa, amsa ta dawo a sayar. Alhali kotun soja ta same shi da laifin dukan matarsa da agolansa tun 2012, laifin da ya haramta masa riƙe bindiga, sai dai rundunar ba ta aika wa FBI hukuncin ba. Ranar 5 ga Nuwamba 2017 ya shiga wata majami'a a ƙauyen Sutherland Springs ya kashe mutum 26. Iyalan mamatan sun kai ƙarar kantin, kotun ƙolin jihar ta ce wata dokar tarayya ta 2005 ta kare shi. Alƙalin tarayya ya ɗora wa rundunar kashi sittin cikin ɗari na alhaki, a 2023 gwamnati ta amince ta biya dala miliyan 144.5. Ma'aikacin da ya tsaya bayan kanta a ranar ya yi duk abin da aka ce ya yi; kwamfutarsa abin da aka zuba mata kawai ta sani.

Shi kansa mai sayen ya sauya, ko da yake adon kantunan bai nuna ba. A wata ƙuri'ar jin ra'ayi ta 1999, kashi 49 cikin ɗari na masu bindiga sun ce farauta ce babban dalilinsu, kashi 26 suka ce kare kai. A 2013 cibiyar Pew ta tarar abin ya juye: kashi 48 kare kai, kashi 32 farauta. Bango na nan da ƙahonin barewa, amma cikin akwatin gilashi ƙananan bindigogi ne ke tafiya. Har harajin da dokar Pittman-Robertson ta 1937 ta keɓe domin kiyaye namun daji, kashi 11 a kan dogayen bindigogi da harsasai, da kashi 10 da aka ƙara daga baya a kan ƙanana, wani babban rabo nasa yanzu daga aljihun mutanen da ba su taɓa kwana a daji ba yake fitowa.

Da majalisa ta kasa motsi, sai wasu kantunan suka fara yi wa kansu doka. Ranar 14 ga Fabrairu 2018 aka kashe mutum 17 a wata makarantar sakandare a Parkland ta Fulorida. Kamfanin Dick's Sporting Goods ya duba littattafansa ya ga ya taɓa sayar wa maharin wata bindigar farauta a Nuwamban da ya gabata, bisa ƙa'ida, ko da yake ba da ita ya yi ɓarnar ba. Mako biyu bayan harin shugaban kamfanin, Ed Stack, wanda shi ma mai bindiga ne, ya ba da sanarwar daina sayar da samfurin AR-15 da makamantansa, da daina sayar wa wanda bai kai shekara 21 ba kowace irin bindiga. Maimakon ya mayar wa masana'antu abin da ke cikin sito, sai ya sa aka lalata bindigogi na kimanin dala miliyan biyar. Daga baya ya ƙiyasta cewa matakin ya janyo asarar ciniki na kusan dala miliyan 250. Walmart ya ɗaga nasa shekarun a rana ɗaya da Dick's, sannan bayan an kashe mutum 23 a cikin reshensa na El Paso a 2019 ya daina sayar da harsasan ƙananan bindigogi. Bass Pro da Cabela's da Academy ba su janye daga cinikin ba. A 2020, shekarar annobar korona da tarzoma da zaɓe, FBI ta gudanar da bincike kusan miliyan 39.7, daga miliyan 28.4 na shekarar da ta gabace ta, kuma aka yi watanni rumfunan harsashi na manyan kantuna wayam, ana ƙayyade wa kowane mai saye adadin kwalin da zai ɗauka.